Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Malama Ta Ce In Karya Ƙafa

Makon jiya na tsaya a inda babur ya kaɗe Baba a wajen Gawon Nama cikin garin Sakkwato, aka ɗauko shi zuwa gidan mai ɗori. A 2011 ne, ina aji biyar a sakandare. Kwana tara yana kwance a zauren gidanmu na Mabera, ƙafar ɗaure da kara da tsumma, sai ga ranar muhawarar Turanci tsakanin makarantun 'yan mata ta zo.

Mai koyar da mu 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, muna ce mata Anti. Ita ta zaɓe ni, ita ta riƙa zama da ni bayan an tashi har la'asar. Ina sonta ƙwarai. Da aka kira sunana zan hau dandamali, sai ta dafa kafaɗata tana murmushi ta ce, "Break a leg."

Na san kowace kalma a ciki. Ki karya ƙafa. Kuma ta san halin da mahaifina yake ciki, don ni na gaya mata da bakina. Jikina ya yi sanyi. Na hau, na buɗe baki, duk abin da na haddace ya gudu. Na sauko ina hawaye, ban ko kalle ta ba.

Washegari ta biyo ni har gida, ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta ajiye masa lemo. Nan ta bayyana mini cewa maganar 'yan wasan kwaikwayo ce na Turawa. Suna da camfin cewa in ka yi wa mai shiga fili fatan alheri kai tsaye, abin zai lalace, don haka sai su juya maganar. Ta ƙara mini wata: "fat chance" da "slim chance", ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, amma dukkansu suna nufin da wuya abu ya yiwu. Har yau ina ganin ya kamata a koya wa ɗalibai irin waɗannan a aji tun da wuri. Mun sha haddar nahawu, ba wanda ya taɓa faɗa mana wannan.

Da ta tafi na fassara wa kakata, Inna, abin da ya faru. Tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke, ni da nika ce miki mummuna kullum, kin taɓa yin kuka?"

"A'a, Inna."

"To ubanki fa? Duk wanda yaz zo dubiya, mi muka ce mai?"

"Da sauƙi."

Alhali a daren nan Baba bai runtsa ba saboda zogi.

Ranar Litinin na je ɗakin malamai na ba Anti haƙuri. Ta buɗe jakarta ta miƙo mini wata takarda, wadda ita ce ta kai ni Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga baya. Labarinta sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.