Sunan da ban ambata ba

Talata, Gombe.

Tun bayan sallar asuba nake kan shafin duba sakamakon jarrabawa da nake gina wa wata makaranta a Tudun Wada. Jiya da dare komai lafiya lau a kwamfutata. Kafin in ɗora shi kan sabar, sai na share wani layi ɗaya da na sa don gwaji, mai buga adireshin mai ziyara. Layin banza ne a ganina. Da safe na buɗe shafin, sai ga kuskure: wai babu $_SERVER, ma'ajiyar da ke ɗauke da bayanan sabar da na mai ziyara.

Na daɗe ina kallon allon. Yaya za a ce babu ita, alhali PHP, harshen da na rubuta shafin da shi, da kanta take cika ta?

Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta, na kwashi kwamfutar na tafi shagon ƙanena a Jekadafari, yana da sola. Can na zauna na bi kod ɗin layi-layi. Akwai wurin da nake tace bayanan da ke shigowa, kuma don gudun maimaita rubutu na jera sunayen ma'ajiyoyin, GET, POST da SERVER, ina manna wa kowanne alamar _ a gaba, sunan ya haɗu ana cikin aiki. Biyun farko suna zuwa, ta ukun shiru.

Amsar tana cikin php.ini, fayil ɗin saitunan PHP, a wani saiti mai suna auto_globals_jit, wanda ya zo tun PHP 5 kuma a kunne yake zuwa. Idan yana kunne, PHP ba ta gina $_SERVER da $_ENV da $_REQUEST a farkon kowace buƙata, sai ta ga ana son su. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne lokacin da take dubawa: sa'ad da take karanta fayil tana fassara shi, kafin layin farko ya gudana. In ta ga sunan a rubuce ɓaro-ɓaro, ta shirya ma'ajiyar. In kuwa sai ana cikin gudu za a harhaɗa sunan, ba ta gan shi ba. Ashe wancan layin gwajin shi kaɗai ne ke ambaton sunan a fili, shi ya riƙe min ginin duk makon nan.

Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, to ka kashe saitin mana ka huta."

Na ce masa a'a. Na nuna masa mai shayin da ke tsallaken titi: ba ya fasa ƙwai sai an ce a soya. Da zai soye kiret guda tun safe, rabi asara zai yi. Ranar da sakamako ya fito, iyaye za su yi ca a kan shafin lokaci guda, a kan ƙaramar sabar haya, kuma duk aikin da ba a buƙata riɓanya yake yi da yawan masu shigowa. Ni ban ga laifin tsarin ba ko kaɗan, har ma ya burge ni. Sai dai shi mai shayin dole ka faɗa masa abin da kake so da baki.

Na rushe wayon nan nawa, na rubuta sunaye ukun kowanne a layinsa. Shafin ya tashi nan take.

Bayan la'asar kuma sai na koma kan haɗin rumbun bayanai, wanda nake buɗewa a saman kowane fayil, har da shafin "game da mu" da ba ya karanta komai. Na mai da shi cikin ƙaramin aiki mai ma'ajiyar static, wadda ke riƙe abin da ke cikinta daga kira zuwa kira: kiran farko ya buɗe haɗin, sauran kiraye-kirayen su karɓi wanda ke nan. Shafuka huɗu yanzu ba sa taɓa rumbun bayanan MySQL sam.

An kawo wuta dab da magariba. Gobe da safe zan kai wa shugaban makarantar ya gwada da lambar ɗalibi ɗaya.