Daga Landan zuwa Edinbara da guntun Turancina

Jirginmu ya sauka filin jirgin Heathrow na Landan da sassafe gari bai gama wayewa ba, ni kaɗai babu ɗan rakiya, ƙanwata da na zo bikin kammala karatunta tana can Edinbara a Sikotilan, tun kafin in taso tace min Yaya ba zan samu saukowa Landan ba sai dai ki hau jirgin ƙasa ki same ni. Turancina kuwa na ƴan koyo ne, in an rubuta zan haɗa baƙi in gane wani abu, amma in Bature ya buɗe baki da sauri sai in ji kamar ruwan sama a kan kwano. Shi yasa ta dinga turo min saƙon murya a WhatsApp kullum da daddare, ta faɗi jimla in maimaita in tura mata ta gyara min, gaisuwa ce kawai da ƴan jimlolin da matafiyi ba zai iya yi babu su ba.

A wajen jami'in shige da fice na fara amfani da su. Ina isa gabansa nace "Good morning", ya ɗago ya amsa min da irinta, wallahi nan take na ji ƙirjina ya ɗan yi sanyi. Gaisuwarsu da agogo take tafiya, "good morning" har zuwa sha biyun rana, daga nan "good afternoon" har yamma ta yi, sai "good evening" in rana ta yi ƙasa ko dare ya shiga. "Good night" kuma sallama ce ta rabuwa ko tafiya barci, ba a tarar mutum da ita ko da tsakar dare ne, wannan ƙanwata ta nanata min shi sosai. Ya jefo tambayarsa, ban kama duka ba amma na tsinci "visit" a ciki, sai nace "I am visiting my sister". Ya tambayi tsawon zamana na faɗa masa, ya duba takardun ya miƙo min fasfo. Wannan am da is da are ɗin su ne ƙashin bayan magana ga mai koyo, "I am", "she is", "we are", in ka riƙe su zaka iya faɗin ko kai waye da inda kake da abin da kake yi, kuma ni basu zame min baƙi ba tunda mu ma muna bambanta "ne" da "ce".

Daga filin jirgi na bi alama na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin Piccadilly mai launin shuɗi. Na Landan shi ne irinsa na farko a duniya, tun 1863 aka buɗe shi, shi wannan layin kuma a 1977 ya iso Heathrow, kusan awa ɗaya zaka yi a ciki kafin tashar King's Cross. Sunan layin kansa jarrabawa ne ga bakin Bahaushe, saboda mu p da f duk ɗaya suke a wajenmu, su kuwa haruffa biyu ne da suke canza ma'ana. Dabarar da ƙanwata ta koya min ita ce in riƙe ƴar takarda a gaban bakina, in haɗe leɓɓa gam sannan in sake su iska ta fito da ƙarfi, in takardar ta motsa to p ta fita. F kuma haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Ya cancanci wahalar, domin "please" da p ta fara kuma babu kalmar da zaka fi buƙata a ƙasar nan kamarta, duk abin da zaka nema in babu ita a jiki sai ya fito kamar umarni.

A cikin jirgin ba mai kula kowa, kowa ya duƙufa kan wayarsa, ni kuwa kunne na kasa wa muryar da take sanar da tashoshi. Darasi ne kyauta, jimla ɗaya take maimaitawa a kowace tasha sunan wuri kawai take canzawa, ga kuma "Mind the gap" wato a kula da ratar da ke tsakanin jirgi da dandamali. A nan na tabbatar rubutun Turanci daban furucinsa daban. Na ga an rubuta Leicester Square, ina ta lissafin haruffa a raina, muryar tace "Lesta". Ita kanta Edinbara ɗin in ka ga yadda ake rubuta ta ba zaka ce haka ake faɗa ba. Haruffansu 26 ne kacal amma sautukan sun haura 40, dole wanda yake koyo da ido kaɗai ya sha mamaki ranar da ya ji masu harshen.

King's Cross cike take da mutane kowa na jan akwati. Na nufi wani ma'aikaci nace "Excuse me, which platform for Edinburgh, please?" Ya amsa a guje, ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai na fito da jimlar da nake ganin ta fi duk sauran daraja ga ɗan koyo, "Sorry, could you say that again slowly, please?" Mutumin nan ya tsaya ya juyo sosai ya sake faɗa ɗaya bayan ɗaya, har da ɗaga yatsu ya nuna min lambar, ya nuna min babban allon da ake rubuta lokutan tashi. Abin da yake ci min rai shi ne yadda wasu namu suke yi wa mai koyo dariya in ya karya Turanci, har mutum ya koma gyaɗa kai a kan abin da bai gane ba saboda kunya, alhali masu harshen kansu in ka roƙe su su maimaita maimaitawa suke yi babu wani ɗaga hanci. Gyaɗa kai a tasha kuwa zai iya kai ka garin da baka yi niyya ba.

Tafiyar ta haura kilomita 600, wajen awa huɗu da rabi. Kujerata kusa da wata dattijuwa take, ina zama ta dube ni tace "You alright?" Da ban san da zancen ba da sai in zaci ta ga alamar rashin lafiya a fuskata, amma an riga an gaya min gaisuwa ce kawai irin "How are you?", ba a son dogon bayani, nace "Fine, thank you. And you?" Wannan "and you" ɗin shi ya buɗe hirar. Ta yi zancen yanayin gari, nace yes, ta tambayi yaushe na zo nace "I came today". A nan ne Turanci ya rabu da Hausa, mu wakilin suna muke juyawa mu ce na zo, ina zuwa, zan zo, su kuma aikatau ɗin suke taɓawa, yawanci a liƙa masa ed a ƙarshe in abu ya wuce, amma waɗanda aka fi amfani da su basa bin dokar, come ya koma came, go ya koma went, see ya koma saw, waɗannan sai hadda babu wata gajeriyar hanya. Da zan gaya mata inda ƙanwata take sai da na tuna ƴar s ɗin nan da ake ƙarawa in ana maganar mutum ɗaya, "she lives in Edinburgh". Sauƙin da na samu shi ne jerin kalmomi irin namu ne, mai aiki sannan aiki sannan abin da aka yi wa, kuma "you" ɗaya ta wadatar wa kai da ke da ku.

Hirar ba mai tsawo ba ce, in na maƙale sai ta jira ni, wani lokacin ta ƙarasa min kalmar in maimaita bayanta. Mun wuce York bayan kamar awa biyu, can gaba ta taɓa hannuna ta nuna min babbar majami'ar Durham a kan tudu ta taga. A Newcastle ta sauka bayan mun haye kogin Tyne, tana ɗaukar jakarta tace "Take care, love". A arewacin Ingila haka manya suke ce wa ko wanda basu sani ba, ba komai ba ne illa sakin fuska. Nace "Goodbye, thank you", ta ɗaga min hannu.

Daga nan teku ta fara bayyana ta hannun dama, muka hau doguwar gadar Berwick mai baka 28 da aka buɗe a 1850, ba a jima ba muka shiga Sikotilan. Turancin ma sai ya canza kama, mutanen da ke bayana suna ta "aye" a maimakon yes, "wee" a maimakon small, r ɗinsu kuma tana fita sosai har ta fi min sauƙin ji.

A tashar Waverley ta Edinbara na tarar da ƙanwata tana jirana, ta rungume ni tana cewa Yaya kin ga kin kawo kanki, na ce da addu'a da saƙonninki. Bata bari na huta da karatu ba, tace gobe a wajen bikin zata gabatar da ni ga malamanta da ƙawayenta, dan haka a daren muka zauna kan "Nice to meet you", in wani ya riga ni faɗa in amsa da "Nice to meet you too", sai "Congratulations" da zan ce wa ƙawayen nata, ita ce ta fi ba ni aiki saboda tsawonta, sai da muka rarraba ta gaɓa gaɓa ina faɗa tana saurara har ta ce ta zauna.