Asabar ɗin gyaran kayan katako

Gusau, Asabar.

Hazo ya kwana yana sauka, da gari ya waye teburin falo ya yi furu-furu. Bayan karin kumallo na kama aikin gado, wadrob, madubi da kabad ɗin madaci da Inna ta bar mini. Ɗiyar yayata da ta zo hutu ta shigo da bokiti da omo da soso, tana son ta kama mini. Na ce, "Aje su, ɗiyata, miƙo mini tsohuwar rigar audugar can."

Mutane da yawa ba su san ƙurar hunturu yashi ce ba. Iska ce ke kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. In ka danna tsumma da ƙarfi a kanta, sai ta ci banish kamar samfefa, a hankali sheƙin ya dushe, a ɗora wa kafinta laifi. Shi ya sa nake fara kaɗe ta a hankali, sannan in jiƙa tsumma in matse shi sosai har ba ya ɗiga, in bi zanen katakon, in biyo da busasshe nan take. Ruwan da ya zauna yana shiga ta tsaga da mahaɗa, ya kumbura itacen, ya ɗaga banish ɗin. Lungunan sassaƙa kuwa buroshin fenti mai laushi ke fito da ƙurarsu.

Kan madubi ne ya dame ni. Akwai farar da'ira, ga kuma tabo gefen kwalaben turare. Da azahar kafintan unguwarmu ya zo ɗaure ƙofar wadrob da ta saki, na nuna masa.

"Hajiya, mi aka aza nan?"

"Kofin shayi, Malam."

Ya ce wannan da sauƙi, danshi ne ya maƙale cikin banish, bai kai ga itacen ba. In shafa man basilin ya kwana, sau da yawa tabon yana ɓacewa. Na turaren kuwa sinadarin cikinsa ne ya narkar da wurin, sai an goge an sake shafawa. Ya kuma hana ni man gyaɗa da wasu ke shafa wa kujeru: yana sheƙi yau, gobe ya yi danƙo ya riƙe ƙura, har ya fara wari. Gaskiyarsa.

Tsagar da ke jikin kabad ɗin Inna ce ta fi ci mini rai. Ya ce bushewar iska ce ta tsuke itacen, kada a cike ta yanzu, don in damina ta kama zai sake kumbura.

Da la'asar muka janye kabad ɗin daga taga saboda rana, muka duba bayansa ko gara ta taɓa, alhamdulillahi babu. Kwalaben turare na mayar da su kan faranti, kaskon turaren wuta kuma ya koma ƙasa. Ranar Talata Malam zai dawo da samfefa da banish ya gyara kan madubin.