Asake biyu da na kawo wa Kawu daga Ingila

Gidanmu gidan wanzamai ne, ko da yake ni boko ya ɗauke ni tun ban iya riƙe aska ba. Shi ya sa wata Lahadi, lokacin ina karatu a Ingila, da na ga tsofaffin asake masu naɗewa a teburin wani dattijo a kasuwar gwanjo, ƙafata ta ƙi gaba. Kawu na tuna, wanda har yau ba ya fita sai da zabirarsa a kafaɗa.

Na sayi biyu. Ta farko ƙirar Solingen ce ta Jamus, ƙotarta ruwan zuma tana walƙiya, an yi wa ruwan askar zanen zinariya. Fam 25 na biya ban nemi ragi ba. Ta biyu kuwa baƙa ce wuluk, ga nauyi, ƙwari sun ɗan ci ƙotarta ta ƙaho. Fam 8 mutumin ya ce, na ɗauka don kawai ta yi wa 'yar'uwarta rakiya.

Da na dawo gida na miƙa wa Kawu kyakkyawar da hannu biyu. Bai ko kalli zanen ba. Ya juya ta ya bi gadon bayanta da babban yatsa, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofar zaure ya rufe ido ɗaya.

"Ɗan nan, wannan ta sha wahala a hannun wanda bai san dutse ba."

"Kawu, ai kamar sabuwa take."

"Zo ka gani."

A kwance ake wasa irin wannan aska, baki da baya duk suna taɓa dutsen washi, domin kaurin bayan ne ke tsayar da yadda kaifin zai kwanta. Saboda haka duk washin da aka taɓa yi mata yana nan rubuce a bayanta. Na wannan ya cinye da faɗi a tsakiya, ya tsuke a gefe biyu, bakin kuma ya lotsa ciki a daidai wurin. Askar da bakinta ya ɗan turo ciki waje ba ta da laifi, da yawa haka aka ƙera su. Wadda ya lotsa kuwa tsakiyarta ba za ta taɓa dutse ba sai an ci ƙarfe mai yawa. Ya jiƙa farcensa da ruwan buta ya ja bakin a kai a hankali, ya ce yana jin tana tuntuɓe a wuri uku.

Abin da ya fi ba ni takaici daga baya na gano shi. Akwai wata tsatsa mai ɗigo-ɗigo da ta tsaya a iya rabin da ke shiga cikin ƙota, bayan da ke waje kuma tas. Ƙotar ta seluloyid ce, tsohuwar roba da aka yi yayi kafin robobin yanzu. In ta fara lalacewa tana fitar da wani tururi mai guba ga ƙarfe, kuma ba ta da magani sai a cire ta a yar. Da na shinshina, wari mai tsami na ji. An goge ruwan ne ya yi ƙyalli, amma ramukan tsatsar sun riga sun sauka har bakin. Rami a baya ko a wuya ba komai ba ne. Rami a baki kuwa, kana wasawa kaifin yana marmashewa. Da na bar ta aljihun tebur ɗaya da baƙar, da ita ma ta kamu.

Baƙar ce ta sa Kawu ya gyara zama. Ya auna ta a tafin hannu, ya buɗe ya rufe sau uku yana duba ko ruwan zai gogi gefen ƙota. Bai goga ba. Bayanta ya cinye kaɗan, kuma daidai wa daida daga wuya har kai. Da muka share wuyan da tsumma da ɗan mai, sai ga rubutu: Wade & Butcher, Sheffield, da tambarinsu na harafin B cikin da'ira, da kibiya, da gicciye. Sheffield gari ne a Ingila, amma babu kalmar England a rubutun. Wannan ya faranta mini rai, domin dokar harajin Amurka ta 1890 ta sa daga 1891 kayan da za a shigar can sai an buga musu sunan ƙasar da ta ƙera su, kuma Amurka babbar kasuwar wannan kamfani ce. Alama ce mai ƙarfi cewa askar ta girmi wannan shekara, ko da yake ba zan rantse a kan alama ɗaya ba, tun da na ga masu sayarwa suna ƙara wa aska shekaru da baki.

Faɗinta bakwai bisa takwas na inci, don da kashi takwas ake auna su, kuma biyar bisa takwas ce aka fi samu. Ba a rarake gefenta sosai ba kamar ta Jamus ɗin. Mai rarakakken gefe kaurinta bai wuce na takarda ba wajen baki, tana waƙa in tana cin gemu, in ka ɗan ƙyasta ta da farce ta yi ƙara siririya, sai fa in ta tsage. Wannan kuwa shiru take aiki, nauyinta ke yanka. Farashin hakan shi ne wahalar washi.

Kwana biyu Kawu ya yi a kanta bayan la'asar, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, yana ɗiga ruwa, sannan ya koma kan fata. Na so in saka ta a injin gogewa ta yi haske, ya hana. Ya ce baƙin ba tsatsa ba ne, kuma zafin inji yana kashe ƙarfe. Mun dai shayar da ƙahon mai har ya daina fari, muka wanke ruwan da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

Ranar Juma'a da hantsi ya gwada ta a gashin hannunsa, gashin ya zube ba tare da ta taɓa fata ba. Ya nuna mini tabarma.

"Zauna. Kai ka sayo ta, da ƙeyarka za mu fara."