Asabar a Bodh Gaya

Na yi sallar asuba a masaukinmu da ke garin Gaya, cikin sanyin da ya tuna mini da hunturun gida, sannan muka tari a-daidaita-sahu zuwa Bodh Gaya. Ni da abokin karatuna ne, ɗan Sri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Tun da muka fara karatu tare a nan Indiya yake cewa sai ya kai ni inda addininsu ya samo asali, yau dai Allah ya yi.

A ƙofar Mahabodhi, babban wurin ibadarsu, aka karɓe wayoyinmu, domin tun bayan fashewar bama-bamai da aka yi a wurin a 2013 ba a shiga da su. Muka tuɓe takalma. Hasumiyar Mahabodhi tana da tsayin kusan mita 55, amma abokina bai tsaya kallonta ba, ya ja ni baya, wurin bishiyar da suka ce a gindinta Buddha ya farka. Da na ga ganyenta sai na ce a raina, ai wannan 'yar uwar durumi ce. Faɗin ganyen da tsinin bakinsa duk kusan ɗaya da na durumin ƙofar gidan kakana. Mutanen Tibet na ta kwanciya rub da ciki a kan alluna suna tashi, wasu sufaye daga Tailan sanye da rawaya sun zauna shiru ido a rufe. Ganye na faɗowa sai ka ga mutum ya yi sauri ya tsince shi.

Muka sami gefe muka zauna, ya ba ni labarin da ƙaramar murya. Siddhartha Gautama, wanda daga baya aka kira Buddha, kimanin shekaru 2,500 da suka wuce, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ɗan Suddhodana shugaban ƙabilar Shakya. Bisa riwayarsu, uban ya killace shi cikin daula don kada ya ga wahala. Da ya fita gari sai ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya da natsuwa a fuskarsa. Yana da shekara 29 ya sulale cikin dare, ya aske gashin kansa, ya bar matarsa Yasodhara da jaririnsu Rahula.

A nan zuciyata ta tsaya. Ni ma ranar da na baro gida 'yata ba ta cika wata huɗu ba, yanzu tana tafiya, a waya kawai na ga takunta na farko. Na ce masa gaskiya wannan ɓangaren ya yi mini nauyi, mace ta farka ta tarar da shimfiɗar miji ba kowa. Bai yi musu ba. Ya ce bayan shekaru Buddha ya koma Kapilavastu, garin mahaifinsa, Rahula yana ɗan shekara bakwai ya bi shi cikin sufaye, har kakan yaron ya roƙi kada a ƙara ɗaukar yaro ba da yardar iyayensa ba, kuma aka mai da hakan doka. Ke nan su kansu sun san ciwon, ba su ɓoye shi a labarin ba. Wannan ya ƙara mini girmama su.

Da hantsi muka tsallaka kogin da ake kira Neranjara a da. Yanzu rani ne, yashi ne kawai shimfiɗe, kamar kogunanmu a watan Janairu. A ƙauyen Bakraur akwai wani tulin tubali na tunawa da wata yarinya mai suna Sujata, kuma labarinta ne ya fi zauna mini yau. Siddhartha ya fara koyon zurfafa tunani a wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya kai iyakar abin da suka sani, bai sami abin da yake nema ba. Sai ya koma azabtar da jiki tare da abokai biyar, ya rage abinci har an ce in ya taɓa cikinsa ƙashin bayansa yake ji. Shekara shida da barin gida, ya gane yunwa ba za ta kai shi ko'ina ba. Sai Sujata ta kawo masa shinkafa da madara, ya karɓa ya ci. Abokan nan biyar suka ce ya karaya, suka watse suka bar shi.

A ganina cin abincin nan ya fi barin fada wuya. Wanda ya bar dukiya kowa zai yaba masa. Amma mutum ya yi suna da tsananin ibada, sannan ya fito gaban almajiransa ya nuna cewa hanyar da ya bi shekaru ba ta ɓulle ba, wannan sai mai neman gaskiya da gaske. Na tuna da mutanen nan uku da suka ce ɗaya zai yi ta azumi ba hutu, ɗaya ba zai yi barcin dare ba, ɗaya ba zai yi aure ba, Annabi (SAW) ya hana su. Na faɗa wa abokina, ya saurara sosai. Aƙidarmu ta sha bamban tun daga tushe, na faɗa masa hakan ma, shi kuma ya sani.

Bayan ya sami ƙarfi ne ya zauna a gindin bishiyar, ya tattara hankali, ya ƙudurta ba zai tashi ba sai ya gane. Yana da shekara 35 suka ce ya farka, ma'anar kalmar Buddha ke nan. Abin da ya ce ya gano shi ne rayuwa cike take da ƙunci, ƙuncin kuwa daga kwaɗayi yake tasowa, yana iya yankewa, kuma akwai hanya ta tsaka-tsaki mai rassa takwas. Ya taka har Sarnath kusa da Varanasi, waɗanda ya fara yi wa wa'azi su ne abokan nan biyar da suka guje shi.

Da yamma na karɓi wayata na kira gida. Uwargida ta ce, "Maigida, ina ka shiga tun safe?" Na ce labarin da tsawo, ta fara ba ni yarinyar tukuna. Na daɗe ina jin numfashinta a wayar kafin ta ce Baba. Jirginmu na ƙasa zai tashi ƙarfe tara na dare.