Yaya yana so a toshe wa shirin kunne

Yau ba a yi wani aikin kirki a ofis ba, domin muhawarata da Yaya a kan shirin kwamfuta da aka rubuta da harshen Python, mai raba wa masu Umra ɗakuna, ta cinye mana hantsi gaba ɗaya. Jiya ɗaya daga cikin yaran ya danna Ctrl+C, maɓallan katse shiri, ana tsakiyar rubuta fayil, sunayen suka tsaya a rabi, sai Yaya ya wayi gari da shawarar a sa SIG_IGN a kan SIGINT da SIGTERM, wato shirin ya riƙa yin biris da waɗannan sigina biyu da ake aika masa don ya tsaya (SIGINT ce Ctrl+C yake aikawa), kowa ya huta.

Na ce masa, "Yaya, wanda yake son tsayar da shirin ba zai fasa ba don ya ji shiru, hanya kawai zai canza." Abin da zai rubuta na gaba shi ne kill -9, umarnin da yake aika siginar kashe shiri da ƙarfi, wato SIGKILL, kuma ita ba a iya tarbarta, ba a kuma iya yin biris da ita, saboda kernel, wato zuciyar manhajar da take tafiyar da kwamfutar, ba ya ma sanar da shirin kafin ya kashe shi. Shi kansa systemd, mai kunnawa da kashe shirye-shirye a kan kwamfutar, idan ba a taɓa saitinsa ba, SIGTERM yake fara aikawa, ya jira daƙiƙa 90, sannan ya biyo da SIGKILL. Ke nan fayil ɗin da muke gudun ya tsage zai tsage, kuma a wannan karon babu damar rufe shi.

Shawarata ita ce a tari siginar, amma kada mai tarbar ya yi komai illa ya ɗaga alama, shi kuma shirin ya riƙa duba alamar bayan kowane suna, ya kammala wanda yake hannu, ya rufe fayil, ya fita. Na kuma tuna masa cewa Python ba ya yarda a kira signal.signal, umarnin da ake saita yadda za a karɓi sigina, sai daga babban zare, wato layin aikin da shirin yake farawa da shi, ga shi kuwa shi a wani zaren dabam ya yi niyyar sakawa, inda saƙon kuskure na ValueError yake jiransa.

Ya yi dariya, ya ce, "Kai dai ka cika dogon Turanci, ƙanina."

Zafin Jidda bai sassauta ba har la'asar.

Abin da yake damuna shi ne bai ce na yi gaskiya ba, bai kuma ce na yi kuskure ba, "za mu gani" kawai ya ce ya ɗauki makullin mota. Na san wannan amsar tasa tun muna yara. Alhaji ya ce gobe da safe za a sake kunna sabar, wato kwamfutar da shirin yake gudana a kai, kuma har na tashi ban ga Yaya ya taɓa ko layi ɗaya ba.