Inda muka tsaya: rage bishiyoyin fain da abin da ke fitowa a ƙarƙashinsu

Ga 'yan'uwa masu koyon kula da gandun daji, ga yadda aikin filayen gwajinmu ya kasance bayan damina ɗaya. Fain ɗin da muke aiki da shi Pinus caribaea ne, irin wanda aka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos. An shuka shi da tazarar mita 3 kowane gefe, wato kimanin bishiya 1,111 a hekta, kuma rassan sun haɗe tun tuni. Ka shiga ciki da azahar sai ka ji sanyi-sanyi, ƙasa kuwa shimfiɗe take da busasshen ganyen nan mai kama da tsinke. Ka tura hannu ƙarƙashinsa za ka ji danshi da farin zaren fumfuna, amma ciyawa sai ɗaiɗaiku.

Filaye biyu muka ware, kowanne mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, kusan bishiya 44 ke nan. Ɗaya ba a taɓa shi ba. Ɗayan an cire layi ɗaya cikin kowane uku, aka bar kusan 30. Ku bar tazara tsakanin filayen da ta kai tsayin bishiya, kuma ku nisanci bakin gandu, don hasken da ke shigowa ta gefe yana ɓata awo. Kafin sara, a auna kewayen kowane gangar itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba da 3.14 a sami kaurinsa, a sa masa lamba da fenti.

Awon zafi ne ya fi ba mutane wahala. Ma'aunin da rana ta taɓa kai tsaye zafin jikinsa yake nunawa, ba na iska ba, don haka filin da aka rage zai fito da zafi fiye da kima. Ku rataye shi a sanda a tsayin mita ɗaya da rabi, ku kifa masa farar roba a sama, ku bar iska tana ratsawa ta gefe. Na ƙasa a soka shi zurfin santimita 5. A karanta ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 2 na rana, filayen biyu a jere ba tare da jinkiri ba. Abin da ya fito shi ne abin da aka sani: inda aka rage ya fi zafi da rana, ya fi sanyi da asuba, domin rufin ganyen da ke tare rana shi ne kuma ke riƙe ɗumin ƙasa da dare. Bambancin ya fi fitowa a fuskar ƙasa, ba a iska ba.

Ruwa kuma yana da ruɗani. Ganye na tare wani kaso na ruwan sama ya bushe a can, saboda haka bayan ragi ruwa ya fi isa ƙasa, saiwoyin da ke shansa ma sun ragu. Amma saman ƙasa ya fi saurin bushewa da shigowar hunturu. Gwangwani ɗaya na tarar ruwan sama ba ya isa awo, don wani yana ƙarƙashin ɗigon reshe, wani a sarari. Ku sa goma masu baki iri ɗaya a kowane fili.

Tsirrai mun ƙidaya su cikin firam na mita ɗaya, wuri biyar a kowane fili, da turke a kowane wuri don a riƙa komawa nan ɗin. Layin da aka ja gungume ya yaye ganye shi ya fara tsiro: kyasuwa da ƙananan ciyayi masu faɗin ganye. Tohon doka da kalgo ya taso daga tsofaffin saiwoyi da ke nan tun kafin a dasa fain. Wannan ya yi mana daɗi. Abin da bai yi daɗi ba shi ne tofa. Tana son haske, tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma sara ba ya kashe ta. A watan Janairu busasshiyar tofa da gamba a kan ganyen fain mai ƙaro, ga rassan da aka sare, ashana ɗaya ta ishe su. Don haka a kwashe rassa daga gindin bishiya, a share hanyar tare wuta kewaye da gandu tun Nuwamba.

A ganinmu kashi ɗaya cikin uku ya isa a karon farko. Bishiyar da ta girma a cunkushe doguwa ce siririya, ta saba jingina da 'yan'uwanta, kuma guguwar farkon damina tana kayar da irinsu in an buɗe su farat ɗaya. Ku raba tsayi da kauri, duka a santimita: in sakamakon ya haura 80, a yi hattara. Awo na gaba sai Afrilu, kafin ruwan farko, kuma za mu ƙara auna kaurin shimfiɗar ganye a wuraren turakun nan biyar.